Rasuwar Akwatin da Ke Riƙe da Fuskar Kalina

Da zuciyar da mutane suka ce tana cike da baƙin ciki, ko da yake ni na laluba ban ji komai a cikinta ba, ni Zahari, tsohon mai gyaran wutar tashar jirgin ƙasa, mijin marigayiya Donka mai zuma, nake sanar da mutanen Gorna Buka, waɗanda suka rage, rasuwar Akwatin Haske na gidanmu. Ya rasu a kan kantarsa, a ɗakin zama, cikin makon da uwargijiyarsa ta rasu. Babu wanda ya san ranar ko sa'ar, domin a lulluɓe yake lokacin da abin ya faru. Ya yi shekara bakwai a duniya, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba.

Na san wannan bishiya da ake liƙa sanarwar mutuwa a jikinta ta mutane ce. Na san takardun da ke jikinta duka na 'yan Adam ne, kowa da hotonsa da gicciyensa da 'yan kalmomin da 'ya'yansa suka zaɓa masa a wurin masu buga takardu. Na liƙa tawa a ƙarƙashin ta Donka, ban rufe fuskar kowa ba. Limamin cocinmu, Damyan, ya tare ni ina shafa gam, ya ce, "Zahari, ka ji tsoron Allah, akwati fa ba shi da rai." Na ce masa ai abin da nake sanarwa ke nan. Wanda bai ga damar karanta wannan ba, ga ta tsoho Petko can a sama, ruwan sama bai gama wanke ta ba tukuna.

Marigayin ɗan asalin gidan nan ne. Jikinsa durowar tsohon kabad ɗin mahaifiyar Donka ce, katako mai nauyi wanda gara ta ɗanɗana ta haƙura. Dalilin zuwansa duniya kuwa, kowa ya san Donka da sassaƙar kakin zuma. Takan narka kaki ta zuba a kan gilashi, ya daskare, sai ta jingina gilashin a taga rana na bayansa, ta riƙa kankara da tsinken saƙa da wata 'yar wuƙa da na wasa mata daga guntun zarto. Inda ta kankare ya yi siriri, haske ya ratso. Inda ta bari da kauri, nan ne duhu. In ka riƙe abin a hannu ba ka ganin komai sai tudu da kwari, kamar inda kaji suka yi tono. Sai haske ya biyo ta baya, fuska ta fito ta dube ka.

To, daga an gama ɗiban zuma, rana a garin nan leƙowa take yi ta gaishe mu ta koma bayan dutse. Donka ta yi ta mita. Wata rana ta ajiye wuƙar ta ce, "Kai dai ka ji kunya, tsoho. Shekara da shekaru kana haska wa jirage hanya, ka kasa haska wa matarka gilashi ɗaya." Na ce jirage ba sa baki. Amma da la'asar na shiga rumfar kayan aikina.

Dole a ambaci wan marigayin, wanda ya riga shi tafiya. Shi na yi da ƙwan lantarki irin na da, mai zafi. Yammaci ɗaya ya yi a duniya. Muka sa masa hoton akuyarmu, muna kallo muna murna, sai akuya ta durƙusa, ta kwanta, ta malale. Donka ba ta ƙara yi mini magana ba sai ranar Lahadi, shi ma don ta ce in miƙo gishiri. Na kawo wannan ne don kada wani ya ce gidanmu bai san abin da zafi yake yi wa kaki ba. Mun sani tun ranar farko.

Ɗanmu Plamen ne ya zo hutu daga Sifen da maganin abin a aljihun jaka: wasu 'yan ƙananan fitilu da ake kira LED, a jere a jikin tef, a naɗe kamar awon tela. Ka kunna su ka ɗora yatsa, ɗumi kaɗan kawai za ka ji. Ya ce, "Baba, liƙawa kawai ake yi, ko yaro zai iya." Ato, liƙawa kawai. Na liƙa su a bayan hoton kai tsaye, na kunna, fuskar waliyyin da Donka ta sassaƙa ta fito da ɗigo-ɗigo kamar mai ƙyanda. Na ɓanɓare, na mayar da su gefe, su zagaye bangon durowar daga ciki, suna kallon juna ba suna kallon hoto ba. Na shafa wa cikin farin fenti har sau uku don hasken ya yi ta kai da kawowa ya gauraya. Na sa farar takarda mai kauri a tsakani ta tace shi. Na matsar da hoton gaba, na dawo da shi baya, har na gane tazarar yatsu huɗu yake so. Na yanka masa hanya a gefe inda gilashi zai zame ya shiga ya zame ya fita. 'Yar taransifomar da ke rage masa ƙarfin wuta na so in bar ta a waje, Donka ta ce ba za ta zauna da abu yana reto a bango kamar mataccen ɓera ba, sai na ɗaure ta a ciki. Saboda ita na huda masa ramuka a sama da ƙasa, don iska ta shiga ta fita. Na gaya wa Donka, na gaya wa Plamen, na gaya wa duk wanda ya tsaya kallo: ramukan nan su ne hancinsa, kada a ɗora komai a kai, ko tabarau.

Marigayin mai haƙuri ne. Ba ya ƙyafta ido in wuta ta yi ƙasa, ba ya jan wuta fiye da rediyo. Bai taɓa zaɓar hoto ba, abin da aka ba shi shi yake haskawa, waliyyi ko akuya ko ni da kunnuwana, waɗanda Donka ta ƙara musu faɗi ta ce iyakar gaskiyarta ke nan. Ba mai yawan magana ba ne. Abin da muka riƙe daga bakinsa kaɗan ne: ƙyas, in an danna makunni, sai ƙiiir, in gilashi na shiga hanyarsa, sai wani siririn zzz da yake yi, wanda ba ka jin sa sai gida ya yi tsit. Donka takan ce kukan ƙudan zuma ɗaya ne da ya maƙale a ciki. Ni na san taransifoma ce, amma na daina gyara mata.

Yanzu zan faɗi babban aikinsa, domin saboda shi ne na ɓata takarda da gam.

Yaran yanzu ba su san mun taɓa haifar 'ya ba. Sunanta Kalina. Ta riga Plamen zuwa, ta kuma tafi kafin ya zo. Ba ta cika shekara uku ba zazzaɓi ya kama ta a wani hunturu da dusar ƙanƙara ta toshe hanyar birnin Troyan, mota ba ta hawa ba ta sauka. Hoto ɗaya aka taɓa ɗaukar ta, ranar bikin gari. Mai hoto yana dannawa, ita kuma ta juya kai tana bin wani kare da kallo. A hoton, Donka ta fito tsaf, ni na fito tsaf, a cinyarta kuma wani farin hayaƙi ne da takalma biyu.

Ba mu riƙa zancenta ba. Ba don komai ba, haka dai muke. Ni kuwa, a hankali fuskar ta zube mini. Na riƙe nauyinta a kafaɗa, na riƙe yadda take kiran miya, amma fuska babu. Ban taɓa gaya wa Donka ba, ashe ta sani. Hunturun da ya biyo bayan haihuwar akwatin, ta zauna da wani gilashi ta ƙi nuna mini. Ta kankara, ta narke, ta sake zubawa, ta sake kankara, har dusar ƙanƙara ta fara narkewa. Wata rana da faɗuwar rana ta zura shi, ƙiiir, ta ce, "Kunna."

Na kunna. Kalina ce, da goshinta, da leɓenta na ƙasa da take turowa in za ta yi rigima, da 'yar tawadar Allah a ƙasan ido, wadda a kakin ba komai ba ce illa ɗan tudu kamar ƙwayar alkama da aka bari ba a kankare ba. Na nemi kujera ban samu ba, na zauna a kan itacen murhu. Donka ta ce, "Tashi, tsoho, za ka ɓata wandon coci." Daga ranar, sauran hotuna sai dai su yi baƙunta su fita. Akwatin na Kalina ne.

A nan ne rigimarmu ta samo asali, kuma sai an fahimce ta za a fahimci sauran. Gilashin yana da fuska biyu, mai kaki da marar kaki, kuma kowacce ka juyo waje hoton yana fita, sai dai dama takan koma hagu. Ni ina sa shi gilashi a waje, kaki a ciki, saboda ƙura da ƙuda. Ita tana shigowa ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ka sake juya mini yarinya."

"Ƙuda ne, Donka. Za su yi mata kashi a goshi."

"Su yi. Ka mayar mata da tabonta inda Allah ya sa shi."

Ta zare, ta juya, ta tafi wurin amya. Na zare, na juya, na tafi rumfa. Haka muka yi ta yi shekaru, har abin ya zama kamar gaisuwa. Rabin kwanakin tawadar tana kunci ɗaya, rabi tana ɗayan. Ban taɓa zama na haddace wanne ne na gaskiya ba. Don me? Ga Donka nan, in na juya ba daidai ba za ta faɗa mini, da ƙari.

A kakar da ta wuce na gaji, na ce bari in kashe maganar. Na yanko wani gilashi na sa wa akwatin a gaba kamar taga, ƙuda ba ya shiga, kaki yana kallon waje yadda take so. Ta duba ta ce, "Shekara nawa ka ɗauka kafin ka yi tunanin nan?" Ta gasa mini banitsa, burodin nan namu mai cuku a ciki, a ranar. Gilashin nan, na gyara shi sosai, na goge shi har yana ɗaukar ido.

Rashin lafiyar marigayin ta fara ne ranar da Donka ta rasu. Ta tashi da safe kamar kullum, ta hura murhu, ta kunna akwatin, ƙyas, ta ce wa Kalina ina kwana, ta shiga kicin tana tankaɗe gari. Na ji rariya ta faɗi. Shi ke nan, ba wani dogon labari.

Yayarta Siyka ce ta fara isowa, kamar yadda ta saba fara isowa duk abin da ya faru a gidan nan. Ta haura tamanin, amma a ranar ita ce mai ƙafa. Ta rufe wa ƙanwarta ido, ta buɗe taga, ta aika a kira Damyan, sannan ta shiga rufe madubai, kada ran Donka ya ga kansa a ciki ya maƙale ya kasa tafiya. Ta rufe na kabad da zanen gado, ta rufe na banɗaki da tawul, ta rufe talabijin. Sai ta tsaya a gaban akwatin.

"Zahari, wannan ma madubi ne."

"Ba madubi ba ne, Yaya."

"Ga fuskata nan ina gani a kan ta yarinyar. In ni na ga kaina, Donka ma za ta ga kanta. Kuma nan za ta fara zuwa, ka sani."

Na ce, "To a kashe shi."

Ta dube ni kamar na zagi coci. "Ka haukace? Fitilar da ta kunna da hannunta? Wa ya taɓa kashe fitila a gidan mutuwa? Da me za ta ga hanya?"

Duka biyun gaskiya ne, haka muka tashi muka ga ana yi. Ana rufe madubi, ba a kashe fitila. Siyka ba ta ɗauko tsumma ba, don ta ce ba za a rufe Kalina da tsumma ba. Ta buɗe akwatin kayan aure ta ciro bargon ulu ja da mahaifiyarsu ta saƙa, wanda ba a taɓa shimfiɗa wa kowa ba sai babban baƙo. Ta ninka shi biyu, ta lulluɓe akwatin sama da ƙasa, ta cusa gefunan a baya da kyau yadda ake yi wa jariri. Ni da na huda ramukan ina tsaye a wurin, hulata a hannu. Na ga lokacin da ta yi, kamar yadda na ga lokacin da aka shigo da akwatin gawa, da lokacin da wani ya sa mini kofi a hannu. Ido yana gani, ciki babu kowa.

Kantar da akwatin yake kai tana jikin bangon murhu. Murhun kuwa bai huta ba, domin gida cike yake da mutane, kuma tsofaffinmu ba sa zaman makoki cikin sanyi. Kowa ya shigo sai ya ƙara itace, don ya nuna ya yi wani abu.

A rana ta uku, bayan mun dawo daga kai ruwa da giyar inabi kabari, gidan ya ɗauki ƙamshin zuma. Ba ɗan kaɗan ba, har tsakar gida. Matan suka tsaya a bakin ƙofa suna yin alamar gicciye. Matar Minko mai kanti ta ce, "Kun ji? Donka ce. Ta zo duba gidanta, kuma ta ji daɗi." Wata ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin an yi wa mamaci wannan shaida ba sai a labarin waliyyai. Siyka ta zauna a kan benci ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, tana cewa, "Ƙanwata, ƙanwata, kin samu wuri." Ni ma na shaƙa. Na yi shekara hamsin ina shaƙar narkakken kaki a gidan nan, na san shi kamar warin jikina. Na shaƙa na ce Allah ya gafarta mata, na karɓi cokalin dafaffiyar alkama na ci.

A rana ta tara ake buɗe madubai. Siyka ta zare zanen gado, ta zare tawul, ta zo ta ciro gefunan bargon ɗaya bayan ɗaya. Akwatin duhu. Babu zzz. Taransifoma ta ƙone ta kumbura, fitilun sun yi launin ganyen shayi. Gilashin Kalina yana nan a hanyarsa, a wanke, kana hango farar takarda ta cikinsa. Kakin ya sauko duka ya taru a ƙasa ya daskare, dunƙule ɗaya, da wasu zaren ulu ja a jiki.

Ba wanda ya yi ihu. Na danna makunni, ƙyas, na sake dannawa, ƙyas. Wannan ita ce maganarsa ta ƙarshe. Siyka ta ninke bargon, gefe da gefe, ta daidaita shi, ta ɗora a kan kujera. Ta fita ta bar tukunyarta da ta kawo wake a ciki, da sandarta a jingine a bango. Tun daga ranar ƙofarta a rufe take. Matar Minko tana ajiye mata burodi a kan katanga, wani lokaci a ɗauka, wani lokaci tsuntsaye su ci. Ba ta zuwa coci, ita da ko da zazzaɓi sai ta je.

Masu ta'aziyya sun yi ƙoƙari, ina gode musu. Minko ya zo ya juya marigayin ya leƙa cikinsa ya ce, "Haba Zahari, kai fa! Wannan ai aikin yini ɗaya ne a wurinka. Sabuwar taransifoma, sabon tef, ya tashi garau." Gaskiya ya faɗa, ko rabin yini ba zai kai ba. Na ce ya tashi ya haska wa? Ya sosa ƙeya ya ce akwai hoton akuya. Plamen kuma, da ya koma Sifen, ya kai tsohon hoton bikin gari wurin wasu masu na'ura, suka ƙirƙiro fuska daga farin hayaƙin, ya turo mini a waya. Yarinya ce kyakkyawa, mai kumatu, Allah ya raya ta ga iyayenta, ko su wane ne. Na ce masa ta yi kyau. Bai taɓa ganin yayarsa ba, ba zan ɗora masa ba.

Ga abin da ke damuna, in ma damuwa ce, domin ba ciwo nake ji ba. In na rufe ido, goshin yana zuwa, leɓen yana zuwa, duk da sun fara laushi a gefe-gefe. Amma tawadar ba ta tsayawa. Ina ganin ta a dama, in ce yawwa, sai in gan ta a hagu, nan ma ta zauna daram. Shekarun da na yi ina juya gilashin nan sun bar mini yara biyu a ka, kuma ɗaya ba tawa ba ce. Na gwada a gaban madubi, na gwada da tuna wace kafaɗa nake ɗora ta, wane kunci ke taɓa wuyana. Ba ya fita. Waɗanda suka san Kalina da rai, ku ɗaga kai ku duba bishiyar nan, duk ga su nan a liƙe: ungozoma Totka, Petko, tsohon limami, yanzu da Donka. Saura mutum ɗaya, Siyka, wadda ta yi mata wankan farko ranar da aka haife ta, ta kuma yi mata na ƙarshe.

Marigayin ya rasu ya bar hotuna a naɗe cikin jarida a ƙasan kabad: waliyyi, akuya ta biyu, cocinmu kafin rufinsa ya faɗa, da wani mutum mai kunnuwa. Ya bar 'yar wuƙar guntun zarto da tsinken saƙa, waɗanda ba su da mai riƙe su yanzu. Ya bar gilashin gaba, lafiyarsa ƙalau, ko tsagewa bai yi ba. Ya bar bargo ja mai ƙamshin zuma, da murabba'in wuri a kan kanta inda ƙura ba ta sauka ba. Ya bar ni. Ya bar kuma Siyka, wadda ta rufe shi don ƙauna, da abu mafi daraja da ke gidan.

Za a yi jana'izarsa ranar Asabar mai zuwa, ranar arba'in ɗin Donka, bayan an fito daga coci. Damyan ya ce ba za a binne durowa a maƙabarta ba, ban yi masa gardama ba, yana da nasa shugabannin. Za a sa katakon a ƙarƙashin bishiyar da ke bayan amya, na riga na haƙa ramin. Wayoyi da taransifoma Minko zai tafi da su inda ake zubar da irinsu. Kada a kawo furanni, gidan ya cika da su har sun fara wari. Akwai dafaffiyar alkama da zuma, akwai burodi da giyar inabi, kowa ya zo da cokalinsa don namu ba za su isa ba. Wanda ya zo ya ce Allah ya gafarta ya ci ya tafi, ya yi mini komai. Wanda kuma yake da shawarar yadda da an yi da abin bai faru ba, ya bar ta a gida.

Kakin ba za a binne shi ba. Na narke shi a tukunyar Donka, ban tace zaren ulun ba, na yi lagwani da zaren ɗinkinta, na zuba kyandir ɗaya. Gajere ne, bai kai tsawon tafin hannu ba. Goshin yana ciki, da leɓen, da ɗan tudun nan, ko'ina yake. Za a kunna shi a kan kabarin, inda uwar take kusa da 'yar, ya ci har ya ƙare. Damyan ya yarda da wannan, ya ce kyandir kyandir ne.

Wannan takarda biyu na rubuta. Ɗaya ga ta a bishiya. Ɗayar na liƙa a jikin ƙofarki, Yaya Siyka, ta ciki-ciki yadda za ki iya karantawa daga taga, don na san labulenki yana motsi in na wuce. Tukunyarki na wanke ta, sandarki tana inda kika bar ta. Ba na fushi da ke. Ko na so yi, ba ni da abin yin sa da shi. Ke kika rufe, ni na tsaya ina kallo, mutanen gari suka ƙara itace, kowa ya yi abin da ake yi.

Ba zan kunna kyandir ɗin ba sai kin zo. In kin makara za mu jira, Damyan ya yi ta duba agogonsa. Ba sai kin gaishe ni ba, ba sai kin ce komai ba, ba sai kin kalli kowa ba. Zan cire hula in sunkuyo daidai tsawonki. Ki ɗora yatsa a kuncina, a gefen da tawadar Kalina take.